Doka a Takarda, Katanga a Unguwa: Wariyar Launin Fata a Harkar Gidaje a Amurka Bayan Soke Bauta

Maudu'in wannan lacca shi ne yadda shari'ar ƙasar Amurka ta tunkari wariyar launin fata a sha'anin saye da sayarwa da hayar gidaje tun daga lokacin da aka soke bauta a shekarar 1865, da kuma dalilin da ya sa haƙƙin da aka rubuta wa 'yantattun bayi a cikin doka tun 1866 bai samu cikakken ƙarfi a gaban kotu ba sai a 1968, wato bayan shekara 102. Abin da ake nufi da dokokin 'yancin ɗan ƙasa a nan shi ne rukunin dokokin da majalisar tarayya ta kafa domin tabbatar da cewa kowane ɗan ƙasa, ko wane irin launi ne da shi, yana da ikon ƙulla ciniki da kai ƙara da ba da shaida da mallakar dukiya daidai da kowa. An ware batun gida daga cikin waɗannan haƙƙoƙi ne saboda a tsarin rayuwar Amurka unguwar da mutum yake zaune ita ke yanke makarantar da 'ya'yansa za su shiga, tunda kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, kuma gida shi ne babbar kadarar da yawancin iyalai masu matsakaicin hali suke tarawa su bar wa magada.

Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, mutum kusan miliyan huɗu ne suka fita daga ƙangin bauta, kuma kusan dukkansu sun fito ne hannu rabbana, domin a dokokin jihohin kudu bawa shi kansa dukiya ne, abin da duk ya noma ko ya ƙera na ubangijinsa ne. An ɗan buɗe musu wata ƙofa a watan Janairu na wannan shekara, sa'ad da Janar William Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattu gonaki da ba su wuce eka 40 ba a gaɓar teku daga jihar Karolina ta Kudu zuwa arewacin Filorida, har mutum wajen 40,000 suka zauna suka fara noma. Kafin shekarar ta fita Shugaba Andrew Johnson, wanda ya gaji Abraham Lincoln bayan an kashe shi, ya sa aka mayar da mafi yawan filayen ga tsofaffin masu bayi. A daidai wannan lokaci majalisun jihohin kudu suka shiga kafa wasu dokoki na musamman don baƙaƙen fata, waɗanda manufarsu ita ce a mayar da 'yantacce gonar da ya baro da sunan ƙwadago. Dokar jihar Misisipi ta watan Nuwamba 1865 ta hana 'yantacce ya karɓi hayar fili a wajen birane da garuruwa, ma'ana an toshe masa hanyar noma don kansa, bai da zaɓi sai yi wa wani aiki.

Martanin majalisar tarayya ga wannan danniya shi ne Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa ta 1866, wadda Sanata Lyman Trumbull na jihar Illinois ya gabatar. Madogararta ita ce gyara na 13 ga kundin tsarin mulki, wanda aka tabbatar a watan Disamba 1865, kuma yana da sashe biyu: na farko ya haramta bauta da aikin tilas in ban da horon wanda kotu ta samu da laifi, na biyu kuma ya ba majalisa ikon kafa dokokin da za su tabbatar da wannan haramci. Shugaba Johnson ya ƙi sa wa dokar hannu, amma majalisun biyu suka haɗa rinjayen kashi biyu cikin uku suka zartar da ita a ranar 9 ga Afrilu 1866. Dokar ta tanadi cewa 'yan ƙasa na kowane launi suna da haƙƙi iri ɗaya da na farar fata wajen gadon dukiya da sayenta da hayarta da sayar da ita da riƙe ta da miƙa ta ga wani, ko gida ce da fili ko dukiyar da ake ɗauka, kuma ta ƙara da cewa babu wata doka ko ƙa'ida ko al'ada da za ta rinjayi wannan tanadi. Kalmar al'ada a nan abar lura ce, domin al'ada aikin jama'a ce, majalisa ba ta kafa ta, kuma a kan irin wannan lafazi ne aka sake tayar da muhawarar bayan ƙarni guda.

Abin da ya kwantar da wannan doka barci shi ne wata ƙa'ida da Kotun Ƙoli ta gina a kan gyara na 14, wanda aka tabbatar a 1868 kuma ya hana kowace jiha tauye wa mutum kariya daidai wa daida a ƙarƙashin doka. Tunda lafazin gyaran jiha ya ambata, sai kotu ta ce haramcin ya tsaya ne ga abin da hukuma ta aikata da hannunta, bai kai ga abin da mutum ya yi a ƙashin kansa ba. A 1883 ta yi amfani da wannan ƙa'ida ta rushe dokar 1875 da ta hana wariya a masaukai da jiragen ƙasa da gidajen wasa. Mai shari'a Joseph Bradley, wanda ya rubuta hukuncin, ya yarda cewa gyara na 13 ya ba majalisa ikon kawar da tambari da burbushin bauta, wato sauran alamomin ƙasƙanci da takurawar da suka rage bayan an kwance sarƙa, amma ya ce korar baƙo daga masauki saboda launinsa ba ta cikin waɗannan. Alƙali ɗaya tak ya saɓa, John Marshall Harlan na jihar Kentucky, wanda shi kansa daga gidan masu bayi ya fito. Daga wannan hukunci aka samu rabe-raben da ya mamaye shari'ar gidaje na tsawon shekara 85, tsakanin hannun hukuma wanda tsarin mulki ya ɗaure, da hannun mutum wanda aka sakar wa mara.

Matsalar gidaje ta fito fili sosai da babbar ƙaurar da baƙaƙen fata suka yi daga karkarar kudu zuwa biranen arewa da yamma, wadda ta ɗebi mutum wajen miliyan shida tsakanin shekarun 1910 da 1970. Matakin farko da birane suka ɗauka shi ne raba unguwanni da doka ƙiri-ƙiri. Birnin Baltimore ya fara a 1910, wasu suka bi sahu, ciki har da Louisville a 1914, inda aka hana mutum tarewa a layin da yawancin mazaunansa ba launinsa ba ne. Reshen ƙungiyar NAACP, mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, ya tsara wata shari'a don gwada dokar Louisville: William Warley, baƙar fata, ya yi cinikin fuloti da wani dillali farar fata mai suna Charles Buchanan a layin da gidaje takwas na farare ne biyu na baƙaƙe, da sharaɗin ba zai biya ba sai doka ta ba shi damar zama a wurin, sannan ya ƙi biya, Buchanan kuma ya kai ƙara. A 1917 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta soke dokar. Sai dai hujjar da ta fi ƙarfi a hukuncin ita ce 'yancin mai dukiya ya sayar wa wanda ya ga dama, kuma wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu, domin wanda yake da 'yancin sayarwa ga wanda ya so yana iya cewa yana da 'yancin hana wanda ya ƙi.

Ta wannan kafa kuwa wariyar ta sake ɓullowa, cikin rigar yarjejeniya tsakanin makwabta. Masu gidaje a unguwa sukan haɗu su sa hannu a takarda, ko kamfanin da ya yanka filaye ya rubuta a cikin takardar mallaka, cewa ba za a sayar ko a ba da hayar gidan ga baƙar fata ba na tsawon shekaru kaza, wani lokaci a haɗa da Yahudawa da 'yan asalin Asiya, kuma sharaɗin yana bin gidan ne duk hannun da ya koma. In wani ya saɓa, makwabta su kai ƙara, kotu ta warware cinikin ta fitar da mai saye. A 1926, a shari'ar Corrigan da Buckley da ta taso daga birnin Washinton, Kotun Ƙoli ta ce wannan ciniki ne tsakanin mutane, tsarin mulki bai shafe shi ba. Tun 1924 ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta riga ta sanya a cikin ƙa'idojin sana'arta cewa dillali ba zai shigar da mutanen wani launi ko wata ƙasa unguwar da zamansu zai karya darajar gidaje ba, kuma wannan lafazi bai fita daga ƙa'idojin ba sai a 1950. Inda takarda ta gaza, sai a koma ga ƙarfi. Wata hukuma da ta binciki rikicin launin fata a Shikago ta ƙirga hare-haren bam 58 tsakanin 1917 da 1921, yawancinsu a kan gidajen baƙaƙen fata da na dillalan da suka yi hulɗa da su. A Detroit a 1925 taron jama'a ya kewaye gidan da wani likita, Ossian Sweet, ya saya, aka yi ta jifa, aka yi harbi daga cikin gida mutum ɗaya ya mutu, kuma mutanen gidan ne aka gurfanar da tuhumar kisa, har sai da lauya Clarence Darrow ya tsaya musu aka wanke ƙanen likitan a 1926.

Da a ce wariyar ta tsaya ga makwabta da dillalai, da rabe-raben hannun hukuma da hannun mutum ya samu ɗan abin dogaro. Amma tarihin shekarun 1930 zuwa 1960 ya nuna cewa gwamnatin tarayya, wadda ita ce mai dokar barci, ita ce ta fi kowa gyangyaɗi. Kafin lokacin, mai son sayen gida da bashi sai ya ajiye kaso mai yawa na kuɗin, wani lokaci har rabi, ya biya sauran cikin 'yan shekaru. Bayan karyewar tattalin arziki, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC a 1933 don ceto masu gidajen da bashi ya ci, sannan a 1934 ta kafa hukumar FHA, wadda aikinta shi ne tsaya wa mai cin bashi a wajen banki, ta yadda in ya gaza biya gwamnati ce za ta ɗauki asarar. Da wannan lamuni bankuna suka fara ba da bashin jinginar gida, wato rancen da gidan da aka saya shi ne jingina, da ɗan kafin alƙalami kaɗan da wa'adin shekara 20 zuwa 30, kuma ta haka miliyoyin ma'aikata suka zama masu gidan kansu. HOLC ta zana taswirorin birane 239 ta kasa unguwanni huɗu, kore da shuɗi da rawaya da ja, kuma kusan duk unguwar da baƙaƙen fata suke zaune jan launi ta samu, alamar haɗari ga mai ba da rance. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan ɓarnar da taswirorin da kansu suka yi, tunda HOLC ta ba baƙaƙen fata rance, amma babu saɓani kan FHA, domin littafin ƙa'idojinta ya shawarci masu kimanta gidaje da su fifita unguwannin da ke da sharaɗin hana wasu launuka, kuma ya ɗauki cuɗanyar launuka a matsayin abin da ke zubar da darajar unguwa.

Misalai uku sun isa su nuna yadda wannan manufa ta sauka a ƙasa. A Detroit a 1941, wani mai gina gidaje da aka hana lamuni saboda filinsa na makwabtaka da unguwar baƙaƙen fata ya gina katangar siminti mai tsayin ƙafa shida da tsawon kusan rabin mil tsakaninsa da su, bayan haka aka amince masa, kuma katangar tana nan tsaye har yau. A garin Levittown da aka fara ginawa a 1947 kusa da birnin Niyok, gidaje sama da 17,000 aka gina da goyon bayan lamunin gwamnati, kuma takardun farko sun hana wanda ba farar fata ba zama a ciki sai in barori ne. A jihar Misisipi kuwa, wani bincike na 1947 ya gano cewa cikin basuka 3,229 da hukumar tsofaffin sojoji ta tsaya wa na gida da gona da sana'a, biyu kacal ne suka je hannun baƙaƙen fata, alhali sun yi yaƙin duniya na biyu kamar yadda sauran suka yi. Wanda banki ya rufe wa ƙofa sai ya faɗa hannun 'yan kashe-mu-raba. A Shikago musamman an yi ta sayar wa baƙaƙen fata gidaje da ninkin farashi ta hanyar biya a hankali, inda takardar mallaka take zama a hannun mai sayarwa har sai an biya sisin ƙarshe, kuma fashin wata guda ya isa a kori iyali, duk abin da suka zuba ya bi ruwa, a sake sayar da gidan ga wani.

Tsaga ta farko a wannan katanga ta zo ne a 1948. J.D. Shelley da matarsa Ethel sun sayi gida a titin Labadie a birnin St. Louis a 1945, ba tare da sanin cewa tun 1911 akwai yarjejeniyar shekara 50 da ta hana baƙar fata zama a wurin ba, sai wasu makwabta, iyalan Kraemer, suka kai ƙara. An haɗa shari'ar da wata irinta daga Detroit wadda lauya Thurgood Marshall ya tsaya mata. A ranar 3 ga Mayu 1948 alƙalai shida baki ɗaya, bayan uku sun janye daga zaman, suka yanke cewa yarjejeniyar ita kanta ba ta saɓa tsarin mulki ba muddin mutane ne suke bin ta don ra'ayin kansu, amma da zarar alƙali ya ba da umarnin a fitar da iyali saboda ita, to hukuma ta sa hannu, domin kotu ma hukuma ce. A 1953 aka ƙara da cewa ba za a tilasta wa wanda ya karya irin wannan yarjejeniya biyan diyya ba. Wannan nasara ce ta gaske, amma tsugune ba ta ƙare ba, saboda hukuncin bai taɓa ƙa'idar 1883 ba, faɗaɗa ma'anar hannun hukuma kawai ya yi. Mai gida na iya ƙin sayarwa, dillali na iya cewa an riga an kama gidan, banki na iya hana rance, duk babu laifi a idon doka. FHA ma ba ta daina tsaya wa gidaje masu sabon sharaɗin wariya ba sai a watan Fabrairu 1950, kuma a 1951 dubban mutane suka far wa wani bene a garin Cicero kusa da Shikago saboda iyalin Harvey Clark sun kama haya a ciki.

Ko a shekarun 1960, lokacin da aka kafa manyan dokokin hana wariya a wuraren aiki da masaukai a 1964 da na jefa ƙuri'a a 1965, batun gida ne ya fi gagara, dalili kuwa shi ne ya shafi arewa da yamma kamar yadda ya shafi kudu. A Kalifoniya an kafa dokar hana wariya a gidaje a 1963, amma a shekara mai bi masu zaɓe wajen kashi 65 cikin 100 suka soke ta da ƙuri'ar raba-gardama, sai da kotuna suka maido da ita. A watan Agusta 1966 an jefi Martin Luther King da dutse a ka yayin da yake jagorantar tattakin neman buɗe unguwanni a Shikago, kuma ƙudurin dokar gidaje na wannan shekara ya mutu a Majalisar Dattawa. Sanata Walter Mondale da Sanata Edward Brooke suka sake ɗauko shi, ya wuce Majalisar Dattawa a Maris 1968 ya maƙale a ta Wakilai. Kisan King a ranar 4 ga Afrilu da tarzomar da ta ɓarke a birane sama da 100 ne suka ture shi, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a ranar 11 ga Afrilu. Dokar Adalci a Gidaje ta 1968 ta haramta wariya saboda launi ko addini ko asalin ƙasa a saye da haya da talla da ba da rance, amma an saye ƙuri'un da suka zartar da ita da rangwame mai tsada: an cire ƙananan gidajen haya da ba su wuce sashe huɗu ba in mai gidan yana zaune a ciki, an cire wasu gidajen da mai su ya sayar da kansa ba dillali, kuma a lokacin ma'aikatar gidaje ba ta da ikon hukunta kowa, iyakarta ta kira ɓangarorin ta nemi sulhu.

Wata biyu bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya fi kowane muhimmanci ga maudu'in wannan lacca. A 1965 Joseph Lee Jones, baƙar fata, da matarsa Barbara sun nemi sayen gida a sabuwar unguwar Paddock Woods a gundumar St. Louis, kamfanin Alfred H. Mayer ya ƙi sayar musu saboda launin mijin. Babu dokar birni a maganar, babu umarnin alƙali, babu ko yarjejeniyar makwabta, kamfani ne mai zaman kansa ya ce a'a, don haka ƙananan kotuna biyu suka kori ƙarar bisa tsohuwar ƙa'ida. Lauyoyin Jones suka dogara da dokar 1866, kuma babban lauyan gwamnatin tarayya, Ramsey Clark, ya tsaya da kansa a gaban kotu ya mara musu baya. A ranar 17 ga Yuni 1968 alƙalai bakwai cikin tara suka ba Jones gaskiya. Mai shari'a Potter Stewart ya amsa tambaya biyu. Ta farko ita ce ko dokar 1866 ta hau kan mutane masu zaman kansu, ya ce ta hau, yana kafa hujja da lafazinta da ya ambaci al'ada, da kuma rahotannin da ke gaban majalisar wancan lokaci, irin na Carl Schurz, waɗanda suka nuna cewa mafi yawan zaluncin da 'yantattu suke sha daga hannun fararen makwabtansu yake zuwa, masu haɗa baki su ƙi sayar musu da fili. Ta biyu ita ce ko majalisa tana da ikon kafa irin wannan doka, ya ce tana da shi a ƙarƙashin gyara na 13, wanda bai ambaci jiha ba, bauta ya haramta ko wane ne ya yi ta.

A nan ne kotu ta ɗauko kalmomin Bradley na 1883, tambari da burbushin bauta, ta mayar da su inda suka dace. Stewart ya bayyana cewa majalisa ce ke da ikon tantance abin da ya zama burbushin bauta muddin ta yi hakan bisa hankali, cewa killace mutane a unguwannin talauci saboda launinsu magajin dokokin baƙaƙen fata ne na 1865 kamar yadda waɗancan dokoki suka gaji bauta, kuma cewa 'yanci ya zama alkawarin takarda kawai in dala a hannun baƙar fata ba za ta sayi abin da dala a hannun farar fata za ta saya ba. Waɗanda suka saɓa su ne Byron White da John Marshall Harlan, jikan wancan Harlan na 1883, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce: sun ce mutanen 1866, waɗanda yawancin jihohinsu na arewa ma suna cike da wariya, da wuya a ce sun yi nufin tilasta wa mai gida ya sayar, kuma tunda ga sabuwar doka ta fito da iyakokinta, bai kamata kotu ta farkar da tsohuwa wadda ba ta da waɗannan iyakoki ba. Wasu masana tarihin shari'a sun bi bayansu a kan karatun muhawarar majalisar. Duk da haka ra'ayin masu rinjaye ya fi kusa da gaskiyar al'amari, domin haƙƙin saye ba shi da ma'ana in dukkan masu sayarwa za su iya haɗa kai su ƙi, kuma 'yantaccen da aka hana fili a Misisipi da doka da jikansa da aka hana gida a St. Louis da kalmar a'a sakamako ɗaya suka samu. Hukuncin ya bar Amurka da dokoki biyu masu cike gurbin juna, ta 1866 da ta taƙaita ga launin fata amma ba ta keɓe kowane gida ba, da ta 1968 mai faɗin fage amma mai ramuka.

Abin da ya biyo baya gwagwarmaya ce ta kama wariyar da ta daina bayyana sunanta. Tunda wanda aka yi wa ƙaryar cewa babu ɗaki ba ya da hanyar sanin ƙarya ce, ƙungiyoyi suka ɓullo da dabarar gwaji, wato a tura mutum biyu masu kamancin albashi da buƙata, ɗaya fari ɗaya baƙi, wajen dillali ɗaya a kwatanta amsoshin da aka ba su, kuma a 1982 Kotun Ƙoli ta amince cewa mai gwaji da aka yi wa ƙarya yana da ikon kai ƙara. A 1974 an ƙara jinsi a cikin dokar 1968, a 1988 aka ƙara naƙasa da iyalai masu yara, aka kuma ba ma'aikatar gidaje ikon gurfanarwa da cin tara, wato sai bayan shekara 20 dokar ta samu haƙora. A 2015, da rinjayen biyar da huɗu, kotu ta tabbatar cewa ana iya ƙalubalantar ƙa'idar da sakamakonta ya faɗa kan wani launi fiye da kima ba tare da hujja mai ƙarfi ba, ko da ba a tabbatar da mugun nufi ba, abin da ya shafi dokokin tsara gari da ke hana gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi a unguwannin masu hali. Wariyar rance kuma ta juya fuska, daga hana bashi zuwa cusa bashi mai tsadar ruwa, har kamfanin Countrywide ya amince ya biya dala miliyan 335 a 2011, bankin Wells Fargo kuma dala miliyan 175 a 2012, don sasanta zargin ma'aikatar shari'a cewa sun caji baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da farare masu kamancin cancanta. A 2019 jaridar Newsday ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi wa dillalai a tsibirin Long Island, yankin da Levittown yake, inda ta samu alamun bambanci a kashi 49 cikin 100 na gwaje-gwajen da baƙaƙen fata suka shiga.

Akwai kuma abin da waɗannan dokoki duka ba su taɓa ba, kuma shi ne ya fi nauyi. Dukkansu gaba suke kallo, suna hana wariyar gobe suna ba wanda ya kai ƙara diyyarsa shi kaɗai, alhali a shekarun da gwamnati ta raba lamuni, lokacin da gida a bayan gari yake da araha, an riga an yi rabon an tashi. Ma'aikacin da ya sayi gida a Levittown da kuɗin da bai kai dala 10,000 ba ya bar wa 'ya'yansa kadarar da ta ninka sau da yawa, suka jinginar da ita suka yi karatu suka kafa sana'a, shi kuwa abokin yaƙinsa da aka hana ya ƙare rayuwarsa a gidan haya, kuma lokacin da doka ta buɗe wa 'ya'yansa ƙofar unguwar, farashi ya riga ya rufe ta. Gado ba ya buƙatar mai nuna wariya kafin ya ci gaba da raba mutane, don haka tazarar ta wanzu ko a inda kowane dillali ya bi doka. A 'yan shekarun nan kusan kashi 74 cikin 100 na iyalan farar fata suna zaune a gidan kansu, na baƙar fata kuwa wajen kashi 45, tazarar da ba ta gaza ta shekarar 1960 ba, lokacin da wariya take halal a yawancin jihohi. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa dukiyar iyali na tsaka-tsaki a cikin farare ta kai dala 285,000, ta takwaransa a cikin baƙaƙe kuwa dala 44,900. Gyara na 13, bisa fassarar da kotu ta yi masa a shari'ar Jones, ya ba majalisar Amurka ikon ɗaukar wannan tazara a matsayin burbushin bauta ta kuma yi dokar magance ta, kuma har yau majalisar ba ta yi amfani da ikon ta wannan fuska ba.